Suwaitar da Baba Ya Kai Bugu

A shekarun da kuɗin mai suka yi wa gwamnati yawa, sojojin da ke mulki suka tsiri tura ma'aikata kwas ƙasashen Turai, kamar mai watsa wa kaji hatsi. Ni ma ƙwaya ɗaya ta faɗo gabana. Ina ƙaramin ma'aikaci a wani ofis a Sama Road aka ce in shirya, zan tafi Ingila. Wani abokin aikina da ya riga ni zuwa ya ja ni gefe ya ce, duk abin da zan manta, kada in manta suwaita. Ta ulu, marar nauyi, wadda za ta kwanta a jiki har a ɗora kwat a kanta. Ya ce sanyin can ba irin namu ba ne da ake kora da hura wuta a tsakar gida.

Na kai maganar gida, ta faɗa kunnen Baba.

Babanmu ɗan kasuwa ne, yadi yake sayarwa tun kafin a haife ni. A gidanmu na Ƙofar Rini babu wanda ya taɓa sa tufar da ba shi ya zaɓa ba, tun daga zanen goyo har rigar angwanci. Shadda kuwa, ido rufe zai murza ta ya gaya maka ko ta kirki ce. Abin alfaharinsa guda ne a duniya, kuma kullum sai mun ji shi: idonsa bai taɓa kuskuren tufa ba. To ga ɗansa zai tafi ƙasar da ba a taɓa zuwa ba a zuriyarmu, a ce wani ne zai zaɓa masa riga?

"Ni za ni sayo ta," in ji shi. "Mi kac ce sunanta?"

"Suwaita, Baba."

"To. Ko mi ta, tuhwa ta."

Matsalar ita ce tsakiyar bazara muke. Wanda ya san bazarar Sakkwato ya san cewa neman rigar sanyi a lokacin daidai yake da neman a yi maka kallon mai taɓin hankali. Mun zaga kasuwa ana yi wa Baba dariya a ɓoye, don ba mai iya yi masa a fili. Da ƙyar muka sami wani mai kanti da ya tuna yana da ragowar kayan ɗari a ɗakin ajiya. Ya shiga ya jawo dila, ya kwance ta a gabanmu, warin kafur ya buge mu.

Baba ya naɗe hannun babbar rigarsa ya zauna. Da farko ya ɗauki wata jibgegiya mai nauyin buhun gero, ya jinjina ta yana gyaɗa kai, don a wurinsa nauyi shi ne daraja. Na ce masa an ce marar nauyi. Ya dube ni kamar na zagi kakansa. Amma Baba ba ya yanke hukunci sai ya gwada. Ya zare zare ɗaya daga gefen jibgegiyar, ya ce a ba shi ashana. Zaren ya narke ya dunƙule kamar an ƙona leda. Ya yar da rigar ya goge hannu.

"Wagga roba ta. Ɗana ba shi sa roba."

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ƙonawa, mai kanti yana kallon kayansa suna raguwa zare-zare. Can ya kai kan wata toka-toka, siririya, mai laushi, wadda ko kallonta bai yi ba da farko. Ya kunna wa zarenta wuta, ya kai hanci. Sai fuskarsa ta washe.

"Rago na! Wallahi rago na! Ku ji, ƙaurin babbaka!"

Ya bi mutanen kantin kowa ya shinshina, har da wani da ya shigo sayen maɓalli. Kowa ya tabbatar warin kan ragon layya ne. Daga nan Baba ya kamu da son rigar nan, ya ce ashe Turawa ma sun san abin kirki.

Saura ƙarko. Ya ba ni hannun rigar ɗaya, ya ba mai kanti ɗaya, ya ce mu ja. Muka ja, ta miƙe, muka saki, ta koma. Ya duba ɗinkin hammata, ya sa haƙori a bakin wuya, ya ɗaga ta a rana yana neman inda asu ya ci. Bai samu ba. Sai gwaji a jiki. Nan muka ɗan yi gardama, don Baba bai yarda da rigar da ke kama jiki ba. A ganinsa duk rigar da iska ba ta yawo a cikinta rowa ce aka yi wa mai ita. Na sa, ta zauna mini cif. Ya sa na ɗaga hannu, na yi ruku'u, na zauna zaman tahiya, na miƙe. Bai ga cibiyata ba, ya yarda.

Na fara cirewa, ya ce a'a.

"Bar ta. Tuhwa ba a sanin daɗinta ga tsaye. Da ita za ka tahiya gida."

Haka na tako daga kasuwa har Ƙofar Rini da azahar, da rigar ulu a jiki, kaftani a kafaɗa, gumi yana bi mini ta ƙafar wando. Baba yana gaba yana amsa gaisuwa, ni ina baya ina amsa sannu. Wata tsohuwa ta tare ni ta taɓa goshina ta ce masassara ce, a dafa mini ganyen darbejiya. Kafin la'asar labari ya zaga unguwa cewa ɗan Alhaji ba lafiya, har ƙanwar Inna ta taso daga Unguwar Rogo da kwanon kunu. Inna, mahaifiyata, ta karɓi kunun ta yi godiya, ba ta gyara zancen ba, don ta ce bayanin ya fi ciwon wuya. Amma gaskiya rigar ba ta yi mini ƙaiƙayi ba, kuma na gaya wa Baba haka. Ya ce ai ya sani.

Da a nan aka tsaya, da shi ke nan. Sai dai a gidanmu sabuwar tufa ba ta shiga akwatin tafiya sai an wanke ta, an sa sitaci, an kai ta wurin mabuga sun buge ta a kan gungume har ta yi ƙyalli. Haka ake yi wa shadda, haka ake yi wa duk rigar mutunci. Baba ya ɗauki suwaita da hannunsa ya kai wa mai wankinsa, ya ce a fitar da warin kafur, a yi mata aiki irin na rigar Sallah. Mutumin ya ga Alhaji da kansa ya kawo, sai ya ƙure gwaninta. Ya dafa ta a ruwan zafi, ya shanya a ranar bazara, ya ɗirka mata sitaci, mabuga suka gama da ita.

Ana jibi zan tashi aka kawo ta a ninke. Muna tsakar gida, Baba ya warware ta a gaban kowa. Abin da ya fito bai fi tafin hannu biyu ba, ga tauri kamar faifai. Hannuwan sun miƙe gefe-gefe sun ƙi sauka. Ƙanwata ta toshe baki ta ruga ɗaki. Inna ta juya tana gyara murhun da ba wuta, kafaɗunta suna rawa.

Ni dariyar ba ta zo mini ba, don na ga fuskar Baba. Ya juya rigar gaba da baya, ya ja ta, ta ƙi. Ban taɓa ganin tufa ta ƙi shi ba sai ran nan, kuma tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Ba rigar ce ta dame shi ba. Ya so a ce a can inda hannunsa ba ya kaiwa, abin da ya zaɓa ne yake rufe ni.

Ya shafa ta da tafin hannu. Sannan ya ninke ta a hankali, iyakar yadda ta yarda ta ninku, ya miƙa wa Inna.

"Aje ta cikin adaka. Ta jikana ta."

Ni da ko budurwa ba ni da ita! Ranar tafiya ya ɗauko bargonsa na Makka, wanda ko taɓawa ba ma yi, ya cusa mini a akwati, ya ce shi ba ya buƙatar wanki. Da shi na yi sanyin Ingila. Suwaita kuwa na sayi wata a can, ban taɓa ɗaukar hoto da ita ba, don kada hoton ya zo gida.

Na dawo, na yi aure, aka haifa mini ɗa namiji. Kowa ya manta da rigar, har ni. Wata safiya ta ɗari, yaron ya fara tafiya ke nan, na shiga gaida Baba. Lokacin ya bar zuwa kasuwa, idon ma ya fara hazo. Na same shi a kan buzu, jikan yana tsaye tsakanin gwiwoyinsa, Inna tana riƙe da murfin adaka. Ya murje sitacin da hannunsa har rigar ta yi laushi, yana lalubar hannun yaron yana zura masa. Ta shiga. Kafaɗa daidai, hannu daidai, cibiya a rufe.

Ya sa yaron ya ɗaga hannu. Ya shafa wuyan, ya shafa hammata. Sannan ya ɗago kai wajen da yake jin motsina.

"Kai, zo ka diba. Wa yac ce idona ya yi kuskure?"

Na ce babu, Baba. Na durƙusa na duba ɗinkin hammatar, na daɗe ina dubawa, don ban so in ɗago su ga idona.