Barewar Percy Gittins

Duk wanda ya tashi a ƙauyen Wendlecote yana iya gane Percy Gittins tun daga nesa, saboda yadda yake tafiya kai a ɗage kamar mai duban hadari. Ba girman kai ba ne, sana'a ce ta mayar da wuyansa haka. Mai yaɓe ne, kamar ubansa da kakansa, kuma rabin rayuwarsa a kan tsani ya yi ta, yana kallon rufin ɗakunan mutane. Ko coci ya shiga, fasto na wa'azi, shi idonsa na can sama yana bin wata tsaga.

Babban gidan masu ƙasar yankin yana kan tudu a bayan ƙauyen, kuma ba mutum ɗaya ya gina shi ba. Ɓangaren baya, inda kicin yake, na baƙin katako ne da farin yaɓe, ya karkace kamar tsohuwa mai ciwon ƙugu. Babu ƙofar da ke rufuwa a can sai an sa mata kafaɗa. Gaban kuwa jan bulo ne, tagogi a jere tsaf. Wani kakan gidan ne ya gina shi bayan ya dawo daga yawon ƙasashe yana jin kunyar gidan ubansa. Daga baya wani jikan ya manna hasumiya a gefe, wadda ba ta amfani kowa ba sai hankaki.

Percy bai damu da bulon ba, hasumiyar kuwa ko kallo ba ta ishe shi ba. Abin da ya kama zuciyarsa yana bene na ƙarshe: wani dogon zaure da aka yi don matan gidan su riƙa kai da kawo a ciki ranar da ruwa ya hana fita. Rufinsa duk ado ne na farar ƙasa, rassan inabi sun sarƙe da juna daga wannan bango zuwa wancan, tsuntsaye da 'ya'yan rumman a tsakaninsu. A tsakiya kuma barewa ce a kwance, tambarin mutanen gidan.

A nan ya haɗu da matarsa. Yana saurayi aka kira shi ya toshe wata 'yar tsaga, ya shigo ya tsaya baki buɗe, ya manta da abin da ya kawo shi. Nesta, yarinyar da ke aiki a kicin, an turo ta shara.

"Kai mai farin kai," ta ce, don farar ƙasa ta baɗe masa gashi, "ko za ka ɗaga ƙafa in share?"

"Kin taɓa kallon saman nan kuwa?"

"Ni ƙasa aka ɗauke ni in kalla. Matsa."

Bai matsa da wuri ba, sai ta tara masa ƙurar a kan takalmi. Shekara na zagayowa aka ɗaura musu aure, suka tare a ɗan gidan da ke bakin ƙofar shiga. Nan suka haifi 'ya'ya mata biyu, waɗanda suka girma suka tafi birni.

Bayan yaƙi gidan ya fara mutuwa a tsaye. Magajinsa bai dawo daga fagen fama ba, ma'aikata suka watse, aka bar ƙanwarsa kaɗai, Miss Honor Ludlam, wadda ba ta taɓa aure ba. Ta kulle ɗakunan gaba, ta koma kusa da kicin inda akwai ɗumi, tana yawo cikin tsohon kwat ɗin yayanta. Nesta ce ke yi mata girki. Duk damina Percy ne ke hawa ya jera bokitai inda ke yoyo.

Sai shekarar babban sanyi ta zo. Ƙanƙara ta kwanta a kan rufin wata da watanni, darmar da aka shimfiɗa a sama ta tsage, ranar da rana ta fito kuma komai ya narke a lokaci guda. Wata Lahadi, Percy da Nesta suna dawowa daga coci, suka tarar da Miss Honor a gindin matakala tana riƙe da sanda.

"Wani abu ya faɗi a sama, Gittins," ta ce. "Ƙafata ba za ta kai ni ba. Je ka gani."

Ya hau, Nesta na biye da shi. Kusan rabin rufin yana ƙasa. Inabi da tsuntsaye sun zama tarin ɓaraguzai, ruwa na ɗiga ta tsakanin katakai. Percy ya durƙusa ya ɗauki wani kan tsuntsu, ya daɗe yana juya shi a tafin hannunsa. Nesta ba ta taɓa ganin mijinta na kuka ba, ranar ma ba ta gani ba, don ta juya ta kama kallon taga har ya gama.

Da suka sauko ya faɗa wa Miss Honor abin da ya gani.

"To, rufe ƙofar," ta ce. "Ya yi zamaninsa, kamar ni."

"Ranki ya daɗe, a bar mini Asabar-Asabar in gyara shi."

"Ka san girman abin da kake faɗa?"

"A'a. In na sani ba zan fara ba."

Ta dube shi ta saman tabarau. "Kai ka jiyo, Gittins."

Da farko ya sa wani abokinsa ya liƙe darmar. Sannan ya kwashe ɓaraguzan a kwandunan tuffa, ya baje su a daɓen zauren yana haɗa su kamar mai ɗinke tsumma. Wanda ya haɗu ya mayar da shi sama. Wanda ya zama gari kuwa sai ya ɗauki zubin ɗan'uwansa daga ɓangaren da ya tsira, ya zuba sabo. Farar ƙasar da kansa yake jiƙa ta a rami a bayan barga, ya bar ta ta kwana biyu ta yi laushi kamar man shanu, ya cuɗa ta da gashin doki da yake roƙowa a gonaki. Manoman yankin har sun saba, da sun hango shi sai su ce, "Ku ɓoye wutsiyar doki, ga Gittins nan."

Aikin da ya ɗauka na shekara guda ne sai ya ci shekaru. Da azahar Nesta kan hawo masa da shayi da burodi da cuku, tana haki tana mita.

"Ni dai Allah ya sa kada in mutu ranar Asabar. Sai gawata ta jira ka sauko."

"Miƙo mini wancan ganyen."

"Wanne? Duk ganye ne."

"Na kusa da ƙafarki. A hankali, ya girmi kakarki."

Tana mita tana miƙawa. A ƙarshe ita ce ta fi shi ido wajen gane wane guntu ne ke shiga wane, ko da yake ba ta taɓa yarda ta ce aikin ya ba ta sha'awa ba.

Barewar ce ta zame masa ƙarfen ƙafa. Ta farfashe ta zama gari, ba abin da ya rage sai kofato da kunne ɗaya, kuma babu wata irinta da zai ɗauki zubi. Shi kuwa bai taɓa sassaƙa dabba da hannunsa ba. Ya riƙa zuwa bakin daji yana leƙen barewa ta bayan shinge, ya dawo ya zauna a teburin cin abinci da yumɓu. Ya gina ya rushe, ya gina ya rushe. Da ya ga ya kai iyakar iyawarsa, sai ya kira Nesta.

Ta zagaya teburin, hannu a ƙugu.

"Akuya ce."

"Barewa ce. Dubi ƙahon."

"Na duba. Percy, ko yaro ka nuna wa zai nemi igiya ya ɗaure ta."

Ya yi fushi, ya ƙi cin abincin rana. Amma ya san hannunsa ba zai wuce nan ba, don haka ya zuba ta, ya mayar mata da tsohon kofatonta da kunnenta, ya ɗora ta a tsakiyar rufin.

Lokacin Miss Honor ta tsufa ƙwarai, shekaru ke nan ba ta taka matakala ba. Da Percy ya ce mata an gama, sai ta ce a kai ta. Suka ɗora ta a kujerar kicin, shi a baya, Nesta a gaba, suka kama hawa. Matakalar nan ta karkace, kowane taki da nasa tsayin, tsohuwar kuma sai ba da umarni take yi.

"Hagu, Gittins. Nesta, kina karkatar da ni. In kuka yar da ni a nan, ku bar ni, wuri ne mai kyau."

Da suka isa ta yi ƙoƙarin ɗaga kai, wuya ya ƙi. Sai ta ce su kwantar da ita a ƙasa. Nesta ta shimfiɗa mata kwat ɗin, suka kwantar da ita rigingine a tsakiyar zauren.

"Ku ma ku kwanta. Ba na son a tsaya mini a ka."

Haka su ukun suka kwanta a jere a kan daɓen katako, uwar gida da mai girkinta da mai yaɓe. Hasken yamma ya shigo ta dogayen tagogin ya bi rassan inabin ɗaya bayan ɗaya.

"Ni da yayana a nan muke kwanciya muna yara," Miss Honor ta ce a hankali. "Shi ya ɗauki tsuntsayen wancan gefen, ni na wannan, mu yi ta faɗa a kan na tsakiya." Ta ƙura wa tsakiyar rufin ido. "Gittins."

"Ranki ya daɗe."

"Wannan akuya ce."

Nesta ta toshe baki, amma dariyar ta ƙwace. Percy ya fara tashi yana cewa zai sauke ta ya nemo wanda ya iya, sai tsohuwar ta kama hannun rigarsa.

"Ka taɓa ta ka gani. Barewar can ba ta taɓa yi mini kama da mutanen gidan nan ba. Wannan kuwa, dubi taurin kanta. Sak ubana."

Ita ma sai ta kama dariya, har hawaye na gangara mata cikin kunne.

Bayan rasuwarta gidan ya koma hannun wata ƙungiya mai kula da tsofaffin gine-gine. Masanansu sun zo, sun yi zama a kan akuyar, wasu na cewa a sauke, wasu na cewa a bari. A ƙarshe suka ce gidan da kowane zamani ya manna masa nasa, wannan ma nasa ne, aka bar ta a wurinta. Suka kuma nemi Percy ya riƙa zuwa yana koya wa masu gyaransu kwaɓin farar ƙasa, ya yi ta yi har gwiwoyinsa suka ƙi.

Ya rasu da bazara, a gadonsa, 'ya'yansa na kusa. Ranar jana'izar aka buɗe babbar ƙofar gaba, wadda ba a cika buɗewa ba, aka bi da akwatinsa ta gaban gidan kafin a gangara coci. Masu gyaran suka fito da kayan aikinsu a jiki, suka tsaya a jere a kan matakala, huluna a hannu. Nesta ta dube su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce in an dawo kowa ya biyo ta kicin, ta dafa shayi, amma a karkaɗe takalma a waje.