Yarinyar Da Take Sayar Da Awara

Ɗigon mai ne ya tono min komai. Shekaranjiya da la'asar ina tsugune gaban kasko ina juya awara, 'yata ta fari ta baje littafinta a tabarma kusa da ni, sai mai ya yi tsalle ya sauka a tsakiyar shafin. Kin san yadda takarda take yi in ta sha mai, har kina hango rubutun bayanta. Na buɗe baki zan ce ta matsa, sai kunnena ya kama abin da take rerawa tana kaɗa kai: hu, wic, dat. Hu, wic, dat. Wallahi sai da matsamin ya suɓuce daga hannuna. Wannan waƙar na san ta. Ita ce ta fitar da ni daga makaranta.

Ina ƙarama innata ta rasu, babana ya ɗauko ni da kakata daga ƙauye muka kama ɗaki biyu a wani gidan haya a Gyaɗi-Gyaɗi. Shi acaɓa yake yi, tun asuba ya fita. Saboda haka kakata ce komai nawa, Iya nake ce mata. Ita ke jiƙa waken suya, ni in kai niƙa, ta tace, ta dafa, ta zuba ruwan tsami, ta ɗaure a buhu ta danne da dutse. Da safe ta soya ta cika min farin bokiti mai murfi, in tafi da shi makaranta in sayar lokacin tara. Da yamma kuma ta kafa kasko a ƙofar gida. Ba zan ɓoye miki ba, hijabina yana warin mai da yaji. Amma Iya ba ta taɓa bari na fita ban yi wanka ba, kuma duk Juma'a sai ta duba farcena ɗaya bayan ɗaya.

Ina aji biyar aka kawo mana sabon malamin Turanci, dogo, kullum rigarsa a goge, biro uku a aljihu. Dokarsa ɗaya ce: ba a Hausa a ajinsa. Wanda bakinsa ya suɓuce ya yi tsallen kwaɗo daga allo zuwa ƙofa. Shi ma ba ya fassara komai. Zai rubuta layi, ya buga allo da tsumagiya, mu maimaita har muryarmu ta dushe, mu kwafa, shi ke nan an yi karatu. Mun fi tamanin a ajin, rabinmu a ƙasa. Ban jin mutum goma sun san abin da bakinsu yake faɗa.

Ranar da abin ya faru bazara ce, zafi kamar kwanon rufin zai narke, ajin duk warin gumi da ɓawon mangwaro. Ya rubuta hu da wic da dat a saman allo, ya yi dogon bayani da Turanci. Sai ya nuna monitarmu da tsumagiya, 'yar wani ma'aikaci ce daga Tarauni, ta fito ta tsaya a damansa. Ya waiga, ya waiga, idonsa ya sauka a kan bokitina da ke ƙarƙashin benci. Ya yafito ni.

Ni? A gaban aji, kafaɗa da kafaɗa da monita? Tunda na shiga makarantar ba malamin da ya taɓa fito da ni sai don duka. Na gyara hijabi na tsaya ƙyam cikin murna. Ya rubuta layi ɗaya a saitin kanta, ɗaya a saitin kaina. Ya buga allo, aji ya ɗauka. Nawa har yau in kin tashe ni daga barci zan faɗa miki shi: da gal hu sels awara is dati. Na ji kalmar awara a ciki, na ce lallai yabona ake yi. Na fi kowa ɗaga murya. Na ga monita ta sa gefen hijabi ta rufe baki, na ga wasu 'yan bencin gaba suna zungurar juna, na ɗauka baƙin ciki suke yi da ni.

Da gudu na koma gida. Na ce, "Iya, yau an saka awararmu a Turanci!" Na karanta mata. Ta ajiye ludayi, ta sa na sake har sau uku, ta rangaɗa guɗa ita kaɗai a tsakar gida. Ta zaɓo min manyan awara guda huɗu masu zafi ta barbaɗa yaji.

To daga nan ne abin da ya fi ci min rai ya fara. Kullum da yamma in masu saye sun taru a ƙofar gida, sai Iya ta ce, "'Yar albarka, zo ki yi musu Turancin nan." In miƙe in haɗa hannu a baya in rera. Direbobi, leburori, matan layi, duk su ce masha Allah, yarinya ta yi kai. Babana ma da ya ji, washegari ya dawo min da sabon biro. Fiye da mako uku ina tsaye kusa da abincin da muke sayarwa, ina shelanta wa masu ci da bakina.

Akwai wani dattijo, tsohon akawu da ya yi ritaya, yana zuwa daga Tarauni wurin 'yarsa da ke aure a layinmu, mu yara Baba Akawu muke ce masa. Ranar da aka yi ruwan farko, ƙasa tana wannan ƙamshin, ya tsaya sayen awara. Iya ta kira ni kamar kullum. Na rera. Bai ce masha Allah ba. Ya cire tabarau, ya dube ni, ya dubi Iya.

"Wa ya koya miki wannan?"

"Malaminmu ne, Baba. A gaban aji ma ya tsayar da ni."

Ya matso kusa da Iya. Sannan ya ce, ƙasa-ƙasa don kada na bayansa su ji, "Iya, ku yi haƙuri, amma kada ta ƙara faɗa. Cewa aka yi, yarinyar da take sayar da awara ƙazama ce."

Ban yi kuka a wurin ba. Na tsaya ina ƙirga fuskokin da na rera wa, ina tambayar kaina su wa suka gane suka yi shiru suka karɓi awararsu suka wuce. Iya ta sauke kaskon da sauran awara a ciki, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

Da safe ta yi min wanka da kanta da sabon sabulu, kamar jaririya, ta ɗaura zanenta na Sallah, ta riƙe hannuna har ofishin hedimasta. Aka kira malamin. Ta miƙa masa tafin hannuna biyu ta ce, "Malam, duba. Shinshina ta. Ina ƙazantar?"

Hedimasta ya ce, "Iya, misali ne kawai, ai ba a kama suna ba."

"In ba a kama suna ba, don me aka tsayar da ita?"

Malamin ya gyara bironsa a aljihu ya ce, har da ɗan murmushi, "Iya, ai ba ita kaɗai ke sayar da awara a Kano ba."

Iya ta dube shi daga hula har takalmi. Ta damƙi tsintsiyar hannuna ta ce, "Mu tafi. Karatun da zai koya miki zagin kanki da bakinki, Allah ya raba ki da shi." Muka fito. Ban sake taka ƙofar nan ba.

A lokacin ji na yi kamar Iya ta ci yaƙi. Sai da na girma na ga wanda ya ci. Malamin ya koma ajinsa a ranar, ya ci gaba da buga allonsa. Monita ta wuce sakandare. Ni ce na koma gindin murhu da rabin karatu, sai Islamiyya da ɗan rubutun Hausan nan da nake lallaɓawa a waya. Yau in an ba ni maganin yaro, sai na nemi mai karanta min kwalin. In saƙo ya shigo wayata da Turanci, sai in zauna da faɗuwar gaba har maigidan ya dawo daga tuƙin adaidaita sahu. Ina jin haushin malamin, ba zan yafe masa don in burge kowa ba. Ina jin haushin hedimastan da ya ce misali ne. Kuma, Allah ya jiƙan Iya ya sa ta huta, ita ma ina jin haushinta. Ta kare mutuncina na rana ɗaya, ta bar ni da duhun shekaru. Ba wanda ya tambaye ni ko ina so in koma. Ina so. Ko da za su yi ta dariya, ina so.

Shi ya sa shekaranjiya na fizge littafin daga hannun 'yata. Na ɗora yatsa a layin farko na ce, "Me wannan yake nufi da Hausa?"

Ta ce, "Umma, ai ba a ce mu fassara ba. Cewa aka yi mu haddace."

"Wannan fa?"

Ta ce, "Ban sani ba."

Kin ji fa. Shekaru nawa, an cire allon alli an sa fari, an fenti bango, amma yarinya tana nan tana rera abin da ba ta sani ba. Abin da ya fara zuwa bakina shi ne, daga yau kin bar makarantar nan. Har na ji kalmomin a kan harshena, da muryar Iya. Na haɗiye su da ƙyar.

Jiya na bar ƙullin awara a roba, na goya ƙaramin ɗana, na bi ta har makarantarsu a Darmanawa. Malamar yarinya ce, ba ta girme ni ba. Na gaishe ta, na buɗe littafin, ɗigon man yana nan a tsakiya, na ce, "Malama, don Allah layi-layi za ki faɗa min da Hausa." Ta yi mamaki, amma ta zauna ta yi. Ɗaya kan mutumin da ke gyaran waya ne, ɗaya kan akuyar da ta shiga gona. Ba zagi ko ɗaya. Ta ce wai layukan da ke da hu da wic da dat iri biyu ne: akwai wanda ake faɗa don a gane takamaimai wa ake nufi, akwai wanda ƙarin bayani ne kawai, shi ake sa wa waƙafi gaba da baya. Cikin minti biyu na gane abin da aka kasa ganar da ni da tsumagiya. Na tuna allon nan. Na monita yana da waƙafi. Nawa babu.

Na ce, "To me ya hana a faɗa wa yaran haka?"

Ta ce dokar makaranta ce, ba a Hausa a darasin Turanci, iyaye ma su ke kawo ƙara in sun ji ana yi.

Na ce, "Ni uwa ce, kuma ga tawa ƙarar. Duk layin da kuka sa a bakin 'yata, ta san me take faɗa. In ba za ki iya a aji ba, ni zan dinga zuwa kina faɗa min, in koma in faɗa mata." Muryata ta ɗaga har malamin ajin kusa ya leƙo. Ban damu ba. Ta ce in yi haƙuri, za ta gwada. Ko za ta yi, ko don in tafi ta faɗa, Allah masani.

Aikin da ta ba su na yau Juma'a shi ne kowa ya ƙirƙiro layinsa ɗaya ya karanta a gaban aji. 'Yata ta ce za ta rubuta kan akuya. Na ce a'a, ni zan ba ki, ki juya shi da Turanci, kuma ki san kowace kalma kafin ki buɗe baki. Ta ɗauki biro. Na ce rubuta: matar da take sayar da awara a layinmu ita ce uwata.

Ta ɗago ta ce, "Umma, in sun yi min dariya fa?"

Na ce, "Ki gama karantawa tukuna, sannan ki zauna."

Da safen nan ta tafi da shi. Ga ni zaune, kasko a kan wuta, ido a kan ƙofa. Ban san da wace fuska za ta shigo ba. Amma na riga na wanke ɗayan hijabinta na shanya. Ko da kuka ta dawo, ranar Litinin za ta koma, ni zan kai ta har bakin aji.