Takardar ta iso, Baba Ludvik

Ranar Talata, 15 ga Oktoba, 2019, da hantsi, aladen daji ya kashe surukina Ludvik Bartosh a bakin rafin da ke bayan gonarsa, a gundumar Lavaca ta jihar Texas. Shekararsa saba'in da huɗu. A kan cinyata ya cika. Ni ce Nelda, tsohuwar matar ɗansa Garrett, kuma ni kaɗai na ga abin da ya faru.

Baba, an ce limamin cocinmu ya yabe ka sosai ranar jana'iza. Ban ji ko kalma ɗaya ba, kunnena na ta ƙugi. Shi ya sa na zauna na rubuta nawa.

Ka fi kowa sanin yadda na rasa kunnen hagu. Ɗanka ya mare ni a kicin har na bugi murhu, jini ya biyo wuyana. Kana shigowa ba ka tambayi wa ya fara ba. Ka shaƙe shi da hannu ɗaya, ka kira 'yan sanda da ɗayan, daga baya ka tsaya a kotu ka ba da shaida a kan ɗan cikinka. Da aure ya mutu na haɗa kayana da na 'yata Jolene, sai ka tare ƙofa ka ce wanda ya yi dukan shi zai bar gona, ba wadda aka daka ba. Dangi sun zage ka. Ba ka ko ji su ba, don kai ma shekara hamsin na harbi sun cinye maka kunnuwa.

Aladun nan kuwa ba su san an yi saki ba. Su tone masara, su farke cikin ɗan maraƙi tun yana numfashi. Dole a harbe su, kuma na fi ka saiti, ko da yake har ka mutu ba ka amsa ba. In na toshe kunnen da ya rage, ba na jin tahowarsu a cikin sarƙaƙiya. In ban toshe ba, kowane harbi yana gutsurarsa. Wata rana ka ga na sauke bindiga ina dafe da kai, ka fizge ta daga hannuna.

"Kunne ɗaya ya rage miki, yarinya. Ba zan zura ido bindiga ta ƙarasa aikin da ɗana ya fara ba."

Washegari ka je gari ka sayi na'urar rage ƙarar bindiga, wadda mu nan muke ce wa gwangwani. Amma saye ba ɗauka ba ne. Yana kulle a shagon mai sayarwa har sai hukumar tarayya ta dawo da takardar izini. Ka ƙi yin rajista da sunanka kai kaɗai, don in ka yi haka ni ba ni da ikon fita da shi in ba ka tare da ni, kuma ranar da ka mutu zai faɗa cikin kayan gado. Sai ka kai ni wurin Lauya Ibarra ta rubuta mana takardar amana. Gwangwanin na amanar ne, masu riƙonta mu biyu, ni da kai, bayanmu Jolene. Kowannenmu ya ba da hoto da zanen yatsu, aka aika wa shugaban 'yan sandan gunduma kwafi. A mota ka kafa mini doka: ba ni ba harbi sai takarda ta zo.

Garrett ya samu labari a gari. Ya zo da rana tsaka yana warin giya, ya ce ta yaya bare za ta shiga takardar gidan Bartosh shi yana waje. Ka ce masa doka ta hana mai irin laifinsa taɓa bindiga, kuma ko doka ta yafe kai ba ka yafe ba. Ya ɗaga kujera ya sauke maka a haƙarƙari, biyu suka karye. Kana ƙasa kana tofar da jini kana ce masa ya ƙara, sunan dai ba zai shiga ba. Na tsane shi a ranar, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na daina ba.

Abin da ya ja mana lokaci yatsunka ne. Waya mai ƙaya da igiya sun shafe zanensu sumul. Sau biyu ana dawo da katin zanen yatsunka a ce ba a ga komai ba. Lauya Ibarra ta ce ka yi sati biyu kana shafa man da muke shafa wa nonon shanu, ka sa safar hannu, kada ka taɓa aiki. Ka zauna a baranda hannuwa a sama, ni ina ba ka kolaci, burodin nan mai zaƙi, a baki.

"Baba, ko in kawo jan farce a gama kwalliyar gaba ɗaya?"

"Yi dariyarki, kurma. Gwamnati na son hannun malamin ofis, za ta samu."

"Wa ke kiran wani kurma?"

"Me kika ce?"

A karo na uku suka karɓa, amma wata uku sun riga sun tafi a banza, muka koma bayan layi. Duk wannan jiran kai kaɗai kake zagaya tarkon aladu da haƙarƙarin da bai gama ɗinkewa ba.

Ranar Talatar na biyo ka da kofi a mota. Kana tsugune kana duba ƙofar kejin ƙarfe, ƙananan aladu shida na haukan dukan waya a ciki. Babban bai shiga ba. Na gan shi ya fito daga ciyawa ta bayanka. Na danna oda, na kira ka har maƙogwarona ya tsage, ba ka juyo ba. Ya ɗauke ka ta cinya ya watsar, ya dawo ya sake sa haure. Na zaro bindigarka daga bayan kujera na harba sau uku daga cikin mota, gilashi ya tarwatse, harbi na uku ya fasa wa aladen kai. Na ɗaure cinyar da bel ɗinka, jini na tsartuwa ta tsakanin yatsuna, da zafinsa. Bakinka na motsi amma ba na ji. Sai ka ɗaga hannu ka ja mini kunnen dama, fuska a murtuke. Faɗa kake mini don na karya doka. Motar asibiti ta iso bayan minti arba'in, ba ta tarar da kai ba.

Kwana tara bayan haka mai shago ya aiko wa Jolene saƙo cewa takarda ta iso. Garrett ya riga ni zuwa, wai shi ne magaji. Mai shago ya buɗe takardar amana, ya bi ta da yatsa layi-layi, ya ce bai ga sunansa ba. Ni na sa hannu a ƙarƙashin naka.

Likita ya ce na rasa wani abu a kunnen, amma ba duka ba. Jiya na ɗaura gwangwanin a bakin bindiga na koma bakin rafin. Na harba, uwar garken ta faɗi, kuma na ji faɗuwarta. Na ji gudun sauran a cikin ciyawa, na ji Jolene daga mota tana tambaya ko na samu. Nan na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba a coci.

Ina miƙa ta'aziyyata ga ƙanwarka Inna Otilia, da jikarka Jolene, da dukan zuriyar Bartosh, har waɗanda suka zage ka saboda ni. Garrett ma uba ya rasa, Allah ya shirye shi, ni dai ban kai ga fiye da haka ba tukuna. Allah ya jiƙanka, Baba, ya gafarta maka zafin ranka, ya ba ka hutawa a inda babu ƙara. Duk addu'ar da aka yi maka daga yau, da kunnen da ka tsare mini zan ji ta in ce amin.