Zaituna da Waƙar da Aka Ba Ta Amana

A kamfanin alewar da muke aiki a Sharada, duk wanda ya san layin liƙe leda ya san Yaya Zaituna. Saurin hannu kam na fi ta, ni Sa'adiya da nake tsaye a gefenta, ita ma ba za ta yi musu ba. Abin da aka san ta da shi kunne ne. Idan ta ce waƙa ta yi, to ta yi. Idan kuwa ta taɓe baki, ko ƙaninki ne ya rera sai ki haƙura ki ba shi shawara ya nemi wata sana'ar.

'Yar Challawa ce gaba da baya. Inda gonar kakanta take, yanzu katanga ce da tireloli a ciki. Mahaifiyarta tana sayar wa ma'aikata da direbobi shinkafa da wake a bakin titi, ita kuma Zaituna tun tana 'yar mitsitsiya ita ke kai kwano mota mota. A nan ta kwaso cutar son waƙa. Direban da ya taso daga Legas da kaset ɗinsa, na Damagaram da nasa, na Maiduguri da nasa, ita kuwa ta tsaya a gindin taya riƙe da kwanon mutane har miya ta huce. Ta ce min ta sha duka a kan haka, amma bai yi mata maganin komai ba.

Mijinta Idrisu mai gyaran janareto ne, mutumin kirki, wanda in ban da wa'azi da labarin ƙwallo ba abin da ke shiga kunnensa. Yakan ce shi rediyo ya aura, kuma har yau bai gano inda ake kashe ta ba.

Duk ranar hutu za ki same ta a shagon Sagir mai turi, wanda ke zuba wa mutane waƙoƙi da finafinai a waya. Kowa ya zo cewa yake, “Sa min masu tashe.” Ita kuwa sai ta zauna a benci ta ce, “Sagir, buɗe min kwandon shararka.” Tana nufin inda yake jibge waƙoƙin da samarin Dakata da Bompai da Na'ibawa ke kawo masa, waɗanda suka yi a ƙananan situdiyo da guminsu, ba wanda ya san su, ba wanda ke tambaya. Sai ta toshe kunne ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Gwajinta ɗaya ne: idan babban ɗan yatsan ƙafarta ya fara motsi a cikin silifas ba da izininta ba, waƙar ta ci. Da zarar kuma waƙa ta yi tashe, ta fara fita daga kowace adaidaita sahu, sai ta yar da ita ta ce, “Wannan ta zama ta gwamnati.”

Kuma ba kowa take ba wa kowace waƙa ba, sai ta dubi halinki tukuna. Ni takan ce min, “Ke ba ki da haƙuri, ga taki nan, amshinta ba ya jan rai.” Haushi nake ji, amma ba ta taɓa kuskure ba.

To, dokar kamfaninmu ita ce a ajiye waya a get. Tun safe har la'asar ba mai waya a jikinta. Saboda haka duk sabuwar waƙar da Zaituna ta samo, a baki take shigo mana da ita. Injin liƙe leda kuwa ba ya shiru, kaf-kaf-cis, kaf-kaf-cis, da gudu kamar ana bin sa. Hannunki dole ya bi inji, bakinki kuma ya bi hannunki. Mun daɗe a haka har mun daina jin ƙararsa.

Wata Asabar a shagon Sagir wani mutum ya yi mata sallama. Sunansa Muhsin, magidanci ne, yana aiki a kamfanin fata a Challawa, yana kuma taɓa waƙa a wani situdiyo da ke saman shagon taya a Dakata. Ya ji labarinta. Ya ce, “Anti Zaituna, ina da wata guda ɗaya da ban saki ba. Ki saurara min ita, ki faɗa min gaskiya. Amma amana na ba ki, kada ki tura wa kowa.”

Waƙar wani mutum ce da matarsa ta tafi wankan jego ƙauyensu a Jigawa, ta bar shi da tukwane. Amshinta cewa yake: ki dawo, tukunya ta ƙi ni, ki dawo, shinkafa ta ƙone.

Zaituna ta riƙe amana. Mun roƙa, mun yi fushi, na ce mata har zumuncinmu zai iya taɓuwa, ta ce ko uwarta ce ba za ta tura mata ba. Sai dai bakinta bai shiga yarjejeniyar ba. Ranar Litinin da aka kunna inji ta fara rera ta, kafin a tashi cin abinci duk layin ya ɗauka. Daga mu ta tsallaka wajen masu haɗa kwali, daga can ta shiga motar ma'aikata. Har rawa muka yi mata, ta kafaɗa zalla, tunda ƙafa a kafe take, hannu kuma na kamfani ne.

Ana cikin haka aka sa bikin Lubna, wadda ke gaba da ni a layi. Lubna ta ce ita duniya ba abin da take so a ranar kamunta sai wannan waƙa. Gwaggonta Hajiya Nafisa, wadda ke riƙe da hidimar bikin, ta riga ta ɗauki mai kiɗan da zai zo da na'urarsa ya saki masu tashe. Ni da Zaituna muka je har gidan Hajiya don mu roƙe ta a kira mai waƙar.

Hajiya ta ce, “Wane ne shi mawaƙin? A wane gidan rediyo aka taɓa sa shi?”

Zaituna ta ce, “Ba a taɓa ba, Gwaggo. Shi ya sa ma.”

“Ni fa ba na son a kunyata ni a gaban dangin ango.”

“Gwaggo, ku bar min wannan. Idan mata ba su tashi ba, kada wanda ya ƙara jin bakina a maganar waƙa har in koma ga Allah.”

Na san ba wasa take ba. Zaituna ba ta da gwal, ba ta da muƙami, shekara da shekaru tana tsaye a wuri ɗaya a layi. Wannan kunnen shi ne kaɗai abin da take taƙama da shi, ga shi ta ɗora shi a kan mutumin da ko mu ba mu taɓa jin muryarsa ba.

Ta je ta sami Muhsin ta faɗa masa gaskiya, cewa wayar ba ta yi laifi ba amma baki ya yi. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Da ya ji cewa kamfani guda ya haddace waƙarsa, ko tayin biki bai bari ta ƙarasa ba ya amsa.

Ranar kamu, bayan la'asar, a filin wata makaranta a Na'ibawa, muka cika rumfa da ankonmu ruwan goro. Idrisu ne ya kawo janareto, yana can bayan aji yana gadinsa. Amarya ta zauna, aka yi abin da al'ada ta tanada, sannan mai gabatarwa ta kira Muhsin. Ya fito cikin sabuwar shadda tana ƙara. Mu 'yan layi muka jeru a gaba, kowacce ta ɗaga kafaɗa tana jira.

Mai na'ura ya saki kiɗan. Sai muka ji wata jita tana tafiya a hankali, tin, sai ta huta, sannan tin. Muhsin ya lumshe ido ya ja “ki dawo” ɗin nan, ya ja, ya ja, har na gaji da riƙe kafaɗata na sauke.

Duk ma'aikacin kamfani ya san abu ɗaya: idan inji ya rage gudu, wuta ce ta yi ƙasa. Hauwa 'yar Gumel ta layinmu ce ta fara ɗaga murya, “Wuta ta yi ƙasa! A duba janareto!” Muka ɗauka gaba ɗaya. Aka aika wa Idrisu, bawan Allah ya ƙara wa janareto wuta har fankokin rumfa suka fara kaɗa mayafan mutane. Waƙa dai tana nan yadda take, tana jan ƙafa. Ya leƙo yana share hannu ya ce, “Wallahi wutata lafiya lau take, sai dai ku duba mawaƙin.”

Nan fa magana ta juya. Wata ta ce ai wannan ba shi ne mai waƙar ba. Hauwa ta ce, “Malam, idan za ka ɗauki waƙar mutane ka koye ta da kyau mana!” Muhsin ya buɗe ido ya ga mata sun tsaya cirko-cirko suna harararsa. Dangin ango suna zaune suna kallo, ko gyalensu bai motsa ba. Lubna ta sunkuyar da kai. Hajiya Nafisa ta juyo ta dubi Zaituna, ta gyara zaman tabarau.

Na dubi Zaituna ni ma. Fuskarta ta yi fari fat. Daga baya ta ce min sai a lokacin ta gane abin da ya faru. A gida tana jin tasa a waya, a layi tana yin tata da inji, ba ta taɓa haɗa su wuri ɗaya ba balle ta ji bambanci. Tausayinta ya kama ni sosai, har na manta ina cikin masu ihun janareto.

Sai ta miƙe. Ta fizgi farantin silba daga teburin abinci, ta zube cincin ɗin da ke kai a cinyar wata baƙuwa, ta ɗauki cokali. Kaf-kaf-cis. Kaf-kaf-cis. Kafin ta yi na uku hannuwanmu sun tashi da kansu, muna tafi, wasu na dukan kujerun roba, daidai yadda muke cusa alewa a leda. Ta ce, “Malam Muhsin, ka ce a kashe wancan, ka biyo mu!”

Ya tsaya jim kamar zai yi kuka. Sannan ya ɗaga wa mai na'ura hannu, jita ta ɗauke, ya saurara, ya kama. Da farko muna gaba yana binmu yana haki, can sai ya wuce mu. Ashe mutumin yana da murya! Filin ya kece da shewa. Dangin ango suka watsar da jan aji suka shigo, amarya ta miƙe ba wanda ya ce ta miƙe, ni da idona na ga kafaɗar Hajiya Nafisa tana aiki a ƙarƙashin mayafi. Da za mu tafi ta kira Zaituna ta ce, “'Yar nan, akwai bikin ƙanwarta bayan salla, ki fara nema mana tun yanzu.”

Muhsin bai yi wata-wata ba, ya koma Dakata ya sake yin waƙar da gudun injinmu, ya sake ta. Ba a jima ba ta cika adaidaita sahu daga Sharada har Bompai. Zaituna ta ƙara daraja, har masu haɗa kwali maza suna tare ta a get suna neman shawara. Na zaci za ta yi ta fankama. Sai na ga ta yi sanyi.

Wata rana da hutun azahar ta karɓo wayarta daga get, ta ja ni ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Ta ce Muhsin ya kira ta yana ta godiya, sannan ya roƙe ta alfarma: waccan ta farkon, ta goge ta, kunya take ba shi, shi ma ya goge tasa.

Na ce, “To ki ce kin goge mana, wa zai sani?”

Ta ce, “Kayansa ne, amana ya ba ni. Ungo, ki ji sau ɗaya.”

Ta sa min abin sauraro a kunne ɗaya, ita ta sa ɗayan. A ranar biki ban saurara ba, ina ta jiran gudu. Yanzu da na nutsu sai na ji ashe ba maganar shinkafa mutumin yake ba. Kewar matarsa ce ta dame shi, ɗaki ya yi masa faɗi, yana jin nauyin faɗa sai ya laɓe a bayan tukunya. Ni da ba ni da haƙuri, ban motsa ba har ta ƙare, kuma na ji ƙwalla ta taru min.

Zaituna ta ce, “Wannan ce na ce ta yi. Waccan da kuke rawa da ita, ta inji ce.” Ta danna, ta goge, ta mayar da wayar get.

Da muka koma layi na ji ta fara rera ta ƙasa-ƙasa, a hankali, yadda mai ita ya yi ta tun farko. Hannunta ya bi bakinta. Alewa ta taru a gabanta, ta yi tudu, ta fara zuba ƙasa, mai duba aiki ya ƙwala mata kira daga can ƙarshen layi. Ta sunkuya ta kwashe, ta kamo gudun inji. Har muka tashi ranar ba ta sake buɗe baki ba.