Bini-da-zugu a Tsakar Gidan Ciyaman

Duk abin da tsufa zai ɗauke mini, ba zai ɗauke ranar da na ga ciyaman ɗin ƙaramar hukumarmu tsaye cikin rana yana sharce gumi ba.

Lokacin soja ba su daɗe da komawa bariki ba. Mijina ya rasu ya bar mini fili ɗaya tal a Kamazou, wanda ya samu bayan shekarun da ya yi yana aiki a masaƙa. Irin yadda ake yi a ƙauyenmu, bai kafa dutsen siminti ba, bini-da-zugu ya dasa ya zagaye iyakar. Wata Lahadi na biya daga coci, na tarar an sare shi kaf, katangar sabon gidan ciyaman ta haɗiye filin. Mutumin nan fa da yatsana na dangwala masa ƙuri'a, har da guɗa!

Na same shi a ofis. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Mama, ina alamarki? Je ki duk inda za ki."

Na kuwa tafi kotu, kowa na cewa na zautu. Lauyansa ya dage cewa ba a taɓa yin wata iyaka a wurin ba, suka yi ta sa ana ɗage zama. Jan ƙafar nan shi ya kashe su, don damina ta riske mu. Alƙali ya gaji, ya ce zai je ya gani da idonsa, kuma dole ciyaman ya hallara.

Ana buɗe ƙofar gidan sai ga bini-da-zugu ya toho, kore shar, ya ja layi ɗoɗar a tsakar gida. Leburorin ciyaman sun sare sama, ba su san sai an tone saiwa ba.

Ciyaman ya ce, "Ranka ya daɗe, ni fa zaɓaɓɓe ne."

Alƙali ya ce, "Shi ya sa ma. Matsa gefe, kana taka mana shaida."

Matan zumuntar cocinmu da suka rako ni suka ɓarke da guɗa, ni kuwa kuka nake, na daɗi. Kotu ta ba ni filina, aka rushe katangar ina tsaye ina kallo.

Abin da na koya shi ne, mai mulki ba ya tsoron hawayen talaka ko kaɗan. Abin da ke karya shi, ya kore ka, ka ƙi komawa gida, ka ƙi yin shiru.