Makeron da Na Ɗora wa Goɗiyar Ilarie

A ƙofar barga muka yi faɗan ni da Ilarie mai kula da bargar, da hantsi, a gaban maza bakwai, ranar da aka ga makero a hannun 'yar maƙwabcinmu Tudose. Ni na fara. Na ce goɗiyarsa Murga ce ta kawo mana cuta, na nuna wani wuri a kafaɗarta inda gashi ya zube, na ce ko makaho ya shafa ya san abin da ya taɓa. Ya ce gurbin igiyar amalanke ne, ya fi shekara goma yana nan, kowa ya san shi. Na ce to buroshinsa fa, wa ake fara gogewa da shi in ba ita ba? Daga jikinta ya bi sauran, yau ga dawakai huɗu da zobe-zobe a wuya, har da nawa, ga yarinya tana susa. Na ɗaga gezar dokina Korbu na ce kowa ya dubi abin da aka yi wa dabbar gwauruwa.

"Kumatra," ya ce, "ki ji tsoron Allah."

Haka yake kirana tun ranar da ya riƙe ɗana a coci aka yi masa baftisma, ni kuma in ce masa kumatru. Ran nan ban ce ba. Ce masa na yi tsoho mai warin fitsarin doki, wanda ya fifita ƙashin goɗiya a kan fatar 'ya'yan mutane. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, ni kuwa ran nan na naɗe tawa tsaf.

Ilarie a barga aka haife shi, in ji uwarsa, naƙuda ta kama ta lokacin da ta kai wa ubansa abinci. Uban ɗan amalanke ne, yana kai alkama bakin kogin Dunare. Da gwamnatin wancan zamani ta haɗe gonaki da dabbobin mutane wuri ɗaya, ta gina doguwar barga a bayan gari, Ilarie ya shiga aiki a ciki tun gemu bai fito masa ba. Shekarar da aka kawo tarakta aka ce a kwashe dawakai a kai mayanka, ya zare wata duƙusa ya ɓoye ta a kurmin bakin kogi wata biyar, yana raba tuwon masararsa biyu da ita. Da an kama shi da sai kurkuku. Murga jikar wannan duƙusa ce.

Matarsa Veta, Allah ya jiƙanta, takan ce in tana so ya lura ba ta da lafiya sai ta yi haniniya. 'Yarsu ɗaya, tana Italiya tana jinyar tsofaffin wasu, tana aiko masa da takalman da ba ya sawa. Mutum ne mai ƙarancin magana da mutane, amma in ka laɓe a bayan barga sai ka rantse mutum biyar ne a ciki suna hira.

Da gwamnatin ta faɗi, kowa ya ɗauki guduma, aka farfasa rumbuna da ofis, wannan ya kwashi bulo, wancan ya kwashi kwano. Ilarie ya zauna a ƙofar barga da cebur a cinya kwana uku, shi ya sa ita kaɗai ta tsira. Gida tara muka ɗaure dawakanmu a ciki. Kowa da turkensa, kowa ya kawo harawarsa, shi kuwa ya buɗe da safe, ya ba su ruwa, ya duba kofato. Ba mai biyansa, sai dai duk wanda ya yanka alade kafin Kirsimeti ya aika masa da cinya. Doka ɗaya ya kafa: dokin da ya zo da cuta mai yaɗuwa ya fita sai ya warke, ko na wane ne. Har ƙanin Fada, limamin cocinmu, ya taɓa kora da dokinsa mai majina, Fada bai hana ba.

Sai kuma maganar buroshi. Ran shida ga Janairu muke kai dawakai bakin coci, an kitse musu wutsiya da jan zare, Fada ya tsoma damin ɗaɗɗoya a bokitin ruwan albarka ya yayyafa musu. A jajibirin ranar ba mai goge dokinsa da kansa. Ilarie ke goge su duka da buroshin ubansa, wanda katakonsa ya lotsa daidai yatsu, daga mafi tsufa zuwa ƙarami. Ya ce dawakan da buroshi ɗaya ya bi jikinsu ba sa harbin juna har shekara ta zagayo. Ko gaskiya ne ko ƙarya, ban taɓa ganin an karya ƙafa a bargarmu ba. Murga tana da shekara ashirin da shida, don haka kullum ita ce ta fari.

Abin da mazan nan bakwai ba su sani ba, ni na san shi tun kafin Kirsimeti. Korbu baƙi ne wuluk, shi mijina ya mutu ya bar mini, da shi nake ɗauko itace daga bakin kogi in sayar in ci. Ɗana yana Sifen, sai murya a waya. Da sanyi ya tsananta na cire tsohon bargon da nake lulluɓa wa ɗan maraƙina na yafa wa Korbu. Maraƙin yana da fari-fari kewaye da ido, irin wanda maruƙa ke yi lokacin sanyi ba mai kulawa. Bayan mako biyu na ɗaga gezar Korbu na ga zobe, faɗinsa kamar bakin ƙaramin kofi, da ɓawo a kai, gashin yana biyo yatsa. Ban yi makaranta ba amma na raini yara, na san makero.

Na san doka kuma. Rumfar gidana maraƙi da kaji kawai take ɗauka, in Korbu ya kwana a waje cikin ƙanƙara mako shida, ni da shi mun gama. Sai na kwaɓa baƙin man inji da baƙin tukunya na shafe wurin, na taje geza ta rufe. Ranar jajibiri ni na riƙe ragamarsa Ilarie yana gogewa, ina ta zuba masa surutu a kan surukar Tudose don kada ya sunkuya. Idonsa ya riga ya fara rauni. Ya bi wuyan sau uku da buroshi, ya wuce na gaba.

Korbu shi ne na uku a layi. Dokin da ke tsakaninsa da Murga ko ƙurji bai yi ba, duk waɗanda suka kamu na bayan Korbu ne. Da mutum ɗaya ya tsaya ya yi wannan tunani da asirina ya tonu a take, shi ya sa ban bar kowa ya samu shirun yin tunani ba.

Tudose ne ya yanke magana, tunda 'yarsa ce ke susa. Ya ce ba za a kori rabin barga cikin wannan sanyi ba, waɗanda aka shafa wa a ɗaure su can ƙarshe, amma wadda ta kawo ta fita, ai dokar Baba Ilarie ce da bakinsa. Ya ce buroshin ma a ƙone. Ilarie bai yi gardama ba. Da hannunsa ya buɗe murhun da muke dafa ruwa ya jefa shi ciki, ya kwance Murga, ya miƙa wa Tudose mabuɗi. Da ya zo wucewa ta gabana na shiga gyaran ɗankwali.

Muka shafe bango da farar ƙasa, muka tafasa barguna da ragama, kowa ya je kasuwa ya sayo buroshinsa ya yi masa alama. Bayan mako ɗaya likitar dabbobi ta zo daga birni, wata siririya mai safar roba, ta kankari fatar kowane doki ta zuba a 'yar takarda, ta bi Murga har gida ta kankaro. Da ta dawo bayan mako uku ta ce huɗun nan makero ne, na Murga kuwa tsohon tabo ne, ba komai a ciki. Ta ce sau da yawa daga maruƙa yake tsallakowa, su wa ke da maruƙa? Gida uku ne. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, na riga kowa cewa nawa tuni na sayar. Ban yi ƙarya ba, washegarin faɗan na sayar da shi.

Kafin wannan magana ta iso Murga ta fara tari. Rumfar Ilarie bango uku gare ta, na huɗun buhuna ya rataya. Ya kwashe bargunan gadonsa ya lulluɓa mata, yana dama mata dusa da ruwan ɗumi. Ba ta ga ƙarshen Fabrairu ba. Tudose ya je da kwalbar tsuika, giyarmu ta gida, ya ba shi haƙuri, ya ce ya dawo ya karɓi mabuɗinsa. Ilarie ya tambaye shi, in ya dawo me zai ɗaure a turken? Ya karɓi kwalbar, bai karɓi mabuɗin ba.

Maganar likita kuwa ba ta zauna a kan kowa ba. Mutane suka ce to, in ba goɗiyar ba ce ai buroshin nasa ne. Har yau in ana lissafin shekarun yaro sai ka ji an ce an haife shi bayan makeron Ilarie da shekara ɗaya. Mutumin da ya yi shekara hamsin da wani abu bai bar ko ƙuda ya kwana a gyambon doki ba, sunan da ya rage masa ke nan.

Ya yi kusan shekara biyu bayan haka. Yakan zauna a benci a ƙofar gida, in amalanke ya wuce ya ɗaga murya ya ce takalmin ƙarfen dokin na ƙafar baya ta hagu ya yi lako-lako, a duba a tarar haka ne. Ni ma in na wuce da itace yakan ce, "Kumatra, kin yi masa lodi da yawa." Nakan ce ya ji da ƙafafunsa masu kumburi. Na fi son ya zage ni, bai taɓa ba.

Sanyi na biyu, saura kwana uku a kai dawakai coci, aka ce ya kwanta. Na dafa miyar kaza na kai masa da rana. Na tarar da shi kusa da murhu, ya rame, hannayen nan kamar tsofaffin igiyoyi. Ya sha cokali biyu ya ce gishiri ya yi yawa, na ce bakinsa ne ya lalace. Daga nan ban san yadda aka yi ba, na ji ina faɗa masa komai, bargon maraƙi, zoben, baƙin mai, surutun surukar Tudose.

 Da na gama sai ya tambaye ni ta wane gefen wuya ne. Na ce dama. Ya ce lallai ya ji buroshin ya yi santsi a wurin, ya ɗauka datti ne. Sai ya hau ni da faɗa a kan baƙin mai, wai ƙona fata yake yi, mai hankali farar wuta yake kwaɓawa da kitsen alade. Na ce yanzu duk abin da na faɗa masa, mai ne ya dame shi?

"Da kin gaya mini, Safta," ya ce, "da na ce Korbu ya yi targaɗe na kai shi rumfata. Ya fi Murga ƙarfi, zai jure sanyin. Ba wanda zai ji."

Tun ina amarya rabon da ya kira sunana.

Ya ce abu ɗaya yake so. Jibi jajibiri, kowa zai hallara a barga yana goge dokinsa, in tsaya a ƙofar nan inda na tsaya wancan karo in faɗa da irin muryar da na yi wancan karo. Ya ce shi ya tsufa, a kira shi duk abin da aka ga dama, amma Murga ba ta taɓa shafa wa kowa cuta ba, yana so Tudose ya zo ya faɗa masa haka da bakinsa.

Ni kuwa a take na hango matar Tudose da bakinta, na hango turken Korbu an ba wani, na hango kaina a bakin coci mata suna matsawa gefe.

Ilarie ya rasu kwana biyu bayan bikin. Na faɗi gaskiyar, bayan an yi masa addu'ar arba'in, a ƙofar barga, da ƙarfi. Tudose ya sosa ƙeya ya ce abin da ya wuce ya wuce, Inna Safta, wani ya tambaye ni ko ina da busasshen itace. Ba wanda ya taɓa turken Korbu, ba wadda ta matsa gefe a coci. Duk abin da na ji tsoro bai kai nauyin ƙunshin harawa ba, Ilarie kuma bai ji ko kalma ɗaya ba. Abin da ya tafi da shi daga bakina shi ne wanda na faɗa masa ran nan, na ɗauki kwanon miyata ina tsaye a bakin ƙofa, yana bina da ido.

"Haba kumatru, ana shirin biki? Bari a yayyafa wa dawakai ruwa lafiya tukuna. Mako mai zuwa ma rana ce."