Kunnen Dodo na Hagu

Sunan yayana Yusufu, amma ba mai kiransa da shi sai Inna, ita ma sai ranta ya ɓaci. Kowa a Adabka Dodo ya sani. Manomi ne, gero da dawa da ɗan wake, sai awaki da ba su taɓa wuce goma ba. Bai yi boko ba, bai yi fatauci ba. Fitarsa ɗaya daga gida ita ce shekara biyu da ya yi yana wankin ƙasar zinari a Yargalma, kafin gubar dalma ta fara kashe yara ya tattara ya dawo. Yanzu yana da shekara hamsin da shida, ya girme ni da tara, kuma har yau in zai aike ni ba ya tambaya ko ina da aiki.

Abin da Allah ya ba shi fiye da kowa a garinmu ji ne. Ya taso yana bin Fulanin da ke maƙwabtaka da mu kiwo, har ya zama in saniya ta yi kuka daga nesa sai ya gaya maka ta garken wa ce. Da can abin ban dariya ne kawai. Da zaman lafiya ya lalace, aka fara kwashe mutane daga gonaki, sai jin Dodo ya zama abin da ake dogara da shi. Masu gona a jeji suka riƙa shirya aikinsu ranar da zai fita. Shekara huɗu da suka wuce ya taɓa ɗaga kai yana cikin shuka ya ce babura na tafe daga gabas, kuma suna da yawa. Ba wanda ya ji komai, amma aka bi shi aka gudu. Mutum goma sha bakwai suka kwana a gida ranar saboda shi. Bai taɓa yin fahariya da wannan ba, amma na san yana jin daɗin yadda ake kallon fuskarsa in an ji wani motsi.

Daminar bara, lokacin noma na biyu, muna gonarsa da hantsi, mu kusan ashirin har da na gonakin kusa. Sai na ga ya tsaya cak, ya karkata kai.

"Babura," ya ce. "Ku tahi. Ku bar komi."

Aka watse. Hawwa'u matar maƙwabcinmu tana isowa da ƙwaryar fura a ka, ta yar da ita. Mijinta Faruku, mutum mai jiki, ya zuba ƙafa a rami ya gurɗe, sai ni da wani muka riƙe shi yana ɗingishi har gari. Aka rufe ƙofofi, aka kwaso yara daga makarantar allo. Har azahar shiru, har la'asar shiru. Da yamma wasu suka leƙa, ba sawun taya ko ɗaya, sai shanun wani makiyayi da suka samu gonar wake ba kowa suka yi yadda suke so.

Ba wanda ya ce masa komai, don ana ganin ƙila sun canza hanya ne. Bayan kwana shida ya sake. Wannan karon rabin mutane suka gudu, rabi suka tsaya suna kallon juna. Nan ma shiru.

Karo na uku a gida abin ya same shi. Yana zaune a tsakar gida bayan azahar yana gyara ƙotar fartanya, matarsa Saudatu tana tsince shinkafa. Ita ta ba ni labari. Ta ce sai ya miƙe zumbur yana neman takalmi.

"Kina ji?"

"Mi?"

"Ga su nan bayan gida."

"Malam, ba ni jin komi sai kaji."

Ya fita waje ya dudduba, ya dawo. Ya juya gabas, ƙarar na hagunsa. Ya juya yamma, tana hagunsa. Ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ta bi shi ciki. A nan ya gane daga cikin kunnensa take. Saudatu ta ce ya zauna a bakin gado ya ce, "Ashe ni nas sa Faruku ya gurɗe ƙafa a banza."

Yadda yake kwatanta abin, wai kamar a saka ɗan tsuntsu a cikin tulu yana bugun fiffike. Wani lokaci bub, bub, bub, a hankali. Wani lokaci ya haɗe ya zama karkarwa, irin gurnanin babur daga nesa. Yakan yi minti ɗaya ya tsaya, yakan yi rabin yini yana zuwa yana tafiya. Ba ciwo, ba ruwa, ba jiri. Wannan ya fi ba shi haushi. Ya ce da ciwo ne da ya san abin da zai nuna wa mutane.

Daga nan kowa ya zama mai magani. Inna ta ce sanyi ne, ta narka man shanu ta ɗiga masa. Wani abokinsa Bafillace ya ce ƙwaro ne ya shiga, an taɓa ciro irinsa a kunnen ƙanensa, sai aka haska tocila aka sa gashin kaza aka yi ta susa har kunnen ya yi ja. Wanzami ya ce mataccen jini ne, ya kafa masa ƙaho a bayan kunne. Mai kantin magani a kasuwa ya ba shi na ɗigawa kala biyu bai ko duba ba. An yi rubutu ya sha, an yi tofi, an yi hayaƙi. Wani surukinmu ya zo takanas ya ce dalmar Yargalma ce ta taso bayan shekara goma sha huɗu, ya faɗa ya tafi, ya bar Dodo da kwana uku ba ya cin abinci sosai. Kuma duk inda za a je, a bayan babur ɗina ake zuwa. Ni tela ne, ga ɗinkin mutane jibge, amma da safe sai in ji sallamarsa: "Mas'ud, taso. An ce akwai wani a Tungar Guru."

Abin da ya fi wahalar da mu shi ne kowane magani sai ya yi kamar ya yi aiki. A ɗiga mai, kunne ya yi shiru kwana biyu, Inna ta yi ta gaya wa mata. Rana ta uku yana tsakiyar sallah abin ya dawo. Ya ce ya taɓa ɓata lissafin raka'a saboda shi, ya rasa ta biyu yake ko ta uku.

Halinsa ya canza. Mutumin da ba a jin muryarsa a gida ya koma faɗa kan ƙarar kwano, don ya lura in murfin tukunya ya faɗi sai abin ya tashi. Ya hana a yi daka in yana gida. Saudatu ta haƙura kwana biyu, na uku ta ce, "To Malam, ko ka hita a yi daka, ko ka zauna a ci tsaba." Ya fita. A majalisa kuma an daina kallon fuskarsa in an ji motsi. Wasu matasa suka fara tambayarsa in ya wuce, "Baba Dodo, yau babura nawa?" Sai ya daina zuwa gonar jeji gaba ɗaya, ya bar wa ɗansa. Ya ce ba ya iya zama a wurin da in ya yi magana ya cuci mutane, in ya yi shiru ma yana iya cutarsu.

Bayan girbi na gaji. Na ce masa ba zan ƙara kai shi ko'ina ba sai asibiti. Ya yi kwana huɗu ba ya yi mini magana, sannan ya zo da hularsa ta Juma'a ya ce mu tafi Gummi.

Hanya duk ta zaizaye, muka isa da ƙura har gira. Tun daga gida kunnen ke bugawa, yana ta murna wai yau za a kama shi yana aiki. Muna zama a kan benci ya yi tsit. Awa uku muna jira, ko motsi.

"Ka gani ko?" ya ce da ni. "Shina da wayo. Ya san inda munka zo."

Likitar mace ce, ba ta kai shekarun 'yarsa ta fari ba. Ta auna jininsa, ta ce bai hau ba. Ta haska kunnen, ta ɗago ta dube shi.

"Baba, me da me aka zuba a nan?"

Ya fara lissafi. Da ya kai gashin kaza ta ce ya isa. Ta tambaye shi ko bugun yana tafiya daidai da bugun zuciyarsa. Ya ce bai sani ba. Ta nuna masa yadda zai dafa wuyan hannunsa ya gwada in ya taso, ta ce in ya zo daidai, ko ya fara jiri, ko ji ya ragu, ya dawo da sauri. Sai Allah ya taimake mu, wani ya tura keken marasa lafiya ya bugi ƙofar ƙarfe, kunnen ya tashi. Dodo ya cafke hannunsa yana ƙirgawa kamar wanda ya kama ɓarawo. Bai zo daidai ba. Zuciya na tafiyarta, kunne na tasa.

Ta ce a ganinta wata 'yar tsoka ce a can cikin kunne take harbawa, kamar yadda fatar ido ke yi wa mutum. Ba ƙwaro, ba abin da ke cin kansa. Zancen dalma kuma ta ce ba ta ga alamarsa ba, amma in yana so a duba jini hankalinsa ya kwanta. Ta ba shi maganin kumburin da susa ta jawo, ta ce kada a ƙara saka komai a ciki. Ta tambayi barcinsa, ya ce rabonsa da na kirki tun da aka fara kwana da kunne a buɗe a garinmu. Ta tambayi goro nawa yake ci a yini. Ya ce kaɗan. Na ce shida, ban da shayi. Ya harare ni.

"A rage, Baba. Goro da shayi da rashin barci da fargaba duk suna tayar da shi."

"To maganin da za ya kashe shi fa?"

"Yana iya tafiya da kansa, yana iya zama. Amma ba zai cutar da kai ba."

Muka kama hanyar dawowa har muka wuce rabi. Sannan ya ce daga bayana, "Na kawo kunne, an kama mini goro. Wagga tahiya taka ba ta yi riba ba."

Amma ya rage. Daga shida ya koma biyu, yana gunaguni, yana cewa bakinsa ya zama kamar na marar lafiya. Abin bai tafi ba, sai dai ya yi sauƙi. Da kullum ne, yanzu yakan yi kwana huɗu ko biyar bai zo ba. In an yi mako ana jin labarin hari a kusa, sai ya dawo da ƙarfi, kuma Dodo ya riga ya san haka, har yakan ce, "Yau za ya zo," ya kuwa zo.

Da kansa ya gano dabarar da ta mayar da shi gona. In ya ji gurnani sai ya toshe kunnen hagu da yatsa. In ƙarar ta ragu, ta waje ce. In tana nan yadda take, tasa ce, sai ya ja tsaki ya ci gaba da aiki. Ya je har gida ya samu Faruku ya nuna masa, ya kuma ba shi haƙuri kan ƙafar, wata takwas bayan ta warke. Faruku ya ce shi ya manta. Dodo ya ce shi bai manta ba. Daminar bana ya koma gonar jeji. Mutane ba su yarda da jinsa kamar da ba, shi ma bai nemi su yarda ba. In ya sa yatsa a kunne, na kusa da shi kan dakata su dube shi har ya sauke.

Watan jiya wani mutumin ƙauyen da ke kusa da mu ya kawo matarsa, Lubabatu, wai ita ma wata uku ke nan wani abu na buga mata a kunne, an ce Dodo ya san kan abin. Ina wurin, na kawo masa rigar da na ɗinka. Matar ta zauna a rakuɓe tana hawaye, ta ce dangin miji sun fara cewa iska ce.

Dodo ya tambaye ta ko da ciwo, ta ce babu. Ya sa ta dafa wuyan hannunta ta ƙirga. Ta saurara, sannan ta ce nata tare suke tafiya da zuciya, bugu ɗaya. Fuskarsa ta canza.

"To naki ba irin nawa ba ne," ya ce. "Likita ta ce irin wanga ba a zama da shi." Ya juya ga mijin. "Kada ka bari a zuba mata komi. Kada ka tsaya wurin kowa. Gobe da sahe ka kai ta a auna ta."

Mutumin ya ce babur ɗinsa ya lalace. Dodo bai ko dube ni ba ya ce ƙanensa na da shi.

Na kai su. Jininta ne ya hau sosai, aka ba ta gado kwana biyu, yanzu tana shan magani. Da na dawo na gaya masa, yana zaune yana ɓare rabin goronsa na yamma. Ya ce alhamdu lillahi. Sannan ya ɗaga hannun rigar da na kawo masa ya ce na hagu ya fi na dama tsawo, in tafi da ita in gyara.